Riga Kamar Miya Ce, Sai An Ɗanɗana

Babu uwargidan da ta san hannunta da za ta ɗora tukunyar miya, ta zuba gishiri da daddawa da barkono, ta sauke, ta kai gaban maigida da baƙinsa ba tare da ta ɗiga kaɗan a tafin hannu ta lasa ba. Ko ta shekara talatin tana kaɗa miyar kuka, sai ta ɗanɗana. Ta san daddawar wannan kasuwa ta fi ta waccan ƙarfi, ta san ruwa yakan ƙone fiye da yadda aka zata. Amma matar nan ita ce za ta hau keken ɗinki, ta auna jiki sau ɗaya, ta shata da alli, ta yanka atamfa mai tsada, ta ɗinke tsaf, ta sa zif, ta yi kalmasa, ta goge, sannan ta saka. Idan wuya ya buɗe, hammata ta cije, bayan siket ya ɗage, sai ranta ya ɓaci, ta ninke rigar ta tura ƙasan akwati, ta ce ai ita ba ta da hannun ɗinki.

'Yar'uwa, hannu kam kina da shi. Miya kika sauke ba ki ɗanɗana ba. Duk abin da kika sani a gindin murhu, na haƙuri da lura da gyara tun tukunya na kan wuta, shi ne dai ake bukata a kan keke. An koya mana ɗanɗanon miya tun muna 'yan mata, na riga kuwa ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana.

Akwai dalilin da ya sa ba a nuna mana ba. Tufafinmu na gado ba su da wannan fitina. Zane ba ya tambayar faɗin ƙugu. Mai ciki ta ɗaura, mai jego ta ɗaura, budurwa ta ɗaura, kowacce ya zauna mata. Wandon maza mazagi ke daidaita shi. Babbar riga da 'yar shara da buba duk miƙaƙƙun ƙyallaye ne aka harhaɗa, tun zamanin da masaƙa ke fitar da saƙi da tsamiya a siraran layuka ana haɗa su gefe da gefe. Yalwa ita ce adonsu, saboda haka kuskuren inci ɗaya ko biyu ɓacewa yake yi a cikin yadi. Da yayin riga da siket da doguwar riga mai bin jiki ya shigo, sai lissafi ya sauya. Yadi shimfiɗaɗɗe ne, jikin ɗan Adam kuwa tudu da kwari ne, kuma ana so shimfiɗaɗɗen nan ya hau kowane tudu ya sauka kowane kwari. A nan rabin inci ma magana ce.

Yawancin masu koyo a yau da ƙa'ida suke farawa, ko a wurin tela, ko a makarantar koyon sana'a, ko a bidiyon YouTube: auna ƙirji, raba huɗu, ƙara kaza, sauke kafaɗa da inci ɗaya. Ƙa'idar tana da amfani, kamar yadda rubutaccen tsarin girki yake da amfani ga amarya. Sai dai wanda ya rubuta "cokali ɗaya na gishiri" bai san girman cokalinki ba, bai san bakin mutanen gidanki ba. Ko a ƙasashen da ake sayar da takardar yanka a kanti, tun daga 1863 da Ebenezer Butterick ya fara fitar da ita girma-girma a Amurka, kukan ɗaya ne. A 1939 zuwa 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000 don a samo ma'aunin tufafi na bai ɗaya, aka buga sakamakon a 1941. Awon fararen fata kaɗai aka yi lissafi da shi, duk da haka jikin mata ya ƙi shiga 'yan lambobi kaɗan. Har yau yawancin manyan kamfanonin takardar yanka suna ɗauka cewa tsakanin awon saman ƙirji, wato ta ƙarƙashin hammata, da awon cikar ƙirji, inci 2 ne kacal. Duk wadda nata ya wuce haka sai ta yi gyara. To idan waɗanda suka kashe dukiya a kan awo ba su samo ƙa'idar da ta dace da kowa ba, me zai sa ki zargi kanki don wadda kika kwafa ba ta zauna miki a karon farko ba?

Girki daga gyaran kayan miya yake farawa. Wadda ta zuba alayyafo ba ta wanke ƙasarsa ba, komai daɗin haɗinta sai an tauna tsakuwa. Atamfa ta gaske auduga ce, auduga kuwa tana tsukewa a wankin farko. Idan kika yanka ta yadda ta fito daga Kantin Kwari, da sitatinta da ƙyallinta, rigar da ta zauna miki ɗas ranar biki za ta iya matse ki bayan wanki ɗaya. Abin ya fi muni idan an yi mata shafi da yadin roba, domin shi ba ya tsukewa: sai atamfar ta ɗage, shafin ya leƙo ta ƙasa. Ki jiƙa ta, ki shanya a inuwa, ki goge, sannan ki yanka. Shadda kuwa, da yake wanki na rage mata sheƙi, da yawa ba sa son jiƙa ta. To a ƙara mata 'yar yalwa tun wurin yanka. Sannan ki duba tafiyar zare. Tsakiyar gaba da tsakiyar baya dole su bi zaren yadi sak, ko na tsaye ko na kwance. Idan aka ɗan karkata don tsimi, rigar za ta riƙa murɗewa a jiki, ɗinkin gefe ya zagayo gaba, kuma babu gugar da za ta miƙar da shi. Turmi ɗaya yadi 6 ne, faɗinsa inci 45 zuwa 48. A shimfiɗa shi a tsara komai kafin almakashi ya taɓa shi.

Awo ma yana da ladubbansa. A yi shi a kan rigar maman da za a sa da kayan. Tef ya kwanta a jiki, kada ya nutse, kada ya yi lilo, kuma tsayinsa daga ƙasa ya zama ɗaya ta gaba da ta baya. Kada ki riƙe numfashi, kada ki shanye ciki, domin ba a haka za ki wuni cikin rigar ba. Don gano ainihin ƙugu, ki ɗaura siririn zare a tsakiyarki, ki ɗan lanƙwasa dama da hagu. Inda zaren ya zauna, nan ne. Daga nan a auna tsawon gaba, daga gindin wuya a kafaɗa, a bi ta kan ƙirji zuwa zaren, sannan a auna tsawon baya daban. Waɗannan biyun ba safai suke zuwa ɗaya ba, kuma rigunan da gabansu ke ɗagewa galibi a nan aka yi musu sakaci. Awon baya da na kafaɗa ki nemi wata ta yi miki. Ki rubuta komai da kwanan wata, saboda jikin bayan azumi daban, na mai shayarwa daban, na bayan yaye daban.

Yanzu ga maganar gishiri. Kowace mai girki ta san gishiri ƙara shi ake yi, ba a rage shi, shi ya sa ake zuba shi kaɗan-kaɗan. Yadi kuwa rage shi ake yi, ba a ƙara shi. Hikimar ɗaya ce: ki tsaya ta ɓangaren da gyara zai yiwu. Ƙarin da ake yi wa awo tun wurin yanka iri biyu ne, kuma masu koyo sukan haɗe su. Na farko yalwar da jiki zai sake a ciki. Yadin da ba ya miƙewa, irin atamfa da shadda, idan aka ɗinka shi cif-cif da awon jiki, numfashi ma sai ya yi wuya. Rigar da ake so ta bi jiki tana bukatar kamar inci 2 zuwa 3 a ƙirji, inci 1 a ƙugu, inci 2 a mazaunai, inci 2 a damtse. Mazaunai suna ƙara faɗi idan aka zauna, shi ya sa siket ɗin da ya yi kyau a tsaye yake farkewa a kan kujera. Na biyu rarar da ake bari a bayan layin ɗinki, wadda ke ɓoye a ciki. Ki bar aƙalla inci 1 a ɗinkin gefe. Riga tana da gefe biyu, kowane gefe kuma ƙyalle biyu ne, na gaba da na baya. Idan kika saki rabin inci a kowane ɗinki, rigar ta samu inci 2 ke nan. Lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma: 'yar kwatar incin da kika ci a kowane gefe, inci ɗaya cur ta cinye daga rigar.

Ɗanɗanon riga shi ne gwaji, kuma ana yin sa tun tukunya na kan wuta. Hanya mafi aminci ita ce rigar gwaji. Ki samo akoko, ko tsohon zanen gado, ko zanen da ya koɗe, muddin nauyinsa ya yi kusa da na yadin gaske, ki yanka gangar jikin rigar da hannayenta. Ba shafi, ba kalmasa, ba ado. Ki haɗa da manyan taku, na keke ko na allurar hannu, irin waɗanda jan zare ɗaya zai warware su. Ki saka, a rufe miki wurin zif da fil daidai kan layinsa. Wannan riga ki zane ta da biro, ki tsaga ta, ki cusa ƙyalle, ki tsuke, ba asarar komai. Idan lokaci bai ba da dama ba, to yadin gasken ma a haɗa shi da manyan taku a gwada, kafin a kai ga zif da shafi da datse rara. Tun ran gini tun ran zane.

Mai ɗanɗana miya takan tuna da abin da za a ci ta da shi. Gishirin da ya yi daidai a cokali yakan ɓace idan ya haɗu da tuwo. Riga ma ba a tsaye gaban madubi za ki wuni da ita ba. Ki zauna a kujera, ki zauna a tabarma. Ki yi ruku'u ki yi sujada, ki ji ko bayanta ya ja, ko siket ya hana ki durƙusawa. Ki ɗaga hannu kamar za ki ɗaura ɗankwali, ki miƙa gaba kamar za ki ɗauki yaro, ki ɗaga ƙafa kamar za ki shiga adaidaita sahu. Mai shayarwa ta duba ta ina za ta ba da mama. Sannan ki sa a ɗauke ki hoto da waya, gaba da baya da gefe, kina tsaye yadda kika saba tsayuwa. Waiwaye a madubi yana murɗa jiki, ya haifar da tattarewar da babu ita, ya ɓoye wadda take nan.

Harshen mai girki ya san bambancin miyar da gishiri ya yi wa kaɗan da wadda daddawa ta yi wa kaɗan, ko da yake a bakin yaro duka biyun "ba daɗi" ne. Ido ma yana koyon haka. Tattarewar riga galibi iri huɗu ce. Idan layukan sun kwanta a gicciye, a ɗame, wurin ya yi kaɗan, faɗi yake nema. Idan yadi ya taru a gicciye amma sakwa-sakwa, tsawo ne ya yi yawa a wurin. Idan ya ninku a tsaye yana reto, faɗi ne ya yi yawa. Idan kuwa layukan sun tafi a karkace, ki bi su da ido. Inda suka nufa, nan ne tudun da bai samu isasshen yadi ba, ko ƙirji, ko kafaɗa, ko mazaunai.

Gyara yana da jeri, kamar yadda ba a kaɗa kuka kafin nama ya nuna. Riga a kafaɗa take rataye, don haka daga sama ake farawa: kafaɗa, wuya, ƙirji, ƙugu, mazaunai, kalmasa a ƙarshe. Tsawo kafin faɗi. A tabbatar ƙugun riga ya sauka a ƙugun jiki kafin a fara tsuke gefe. Kuma gyara ɗaya a lokaci ɗaya. Wadda ta zuba gishiri da magi da barkono a tashi ɗaya, ko miyar ta gyaru ba ta san wanda ya gyara ta ba, gobe ma sai ta sake lalube. Ki gyara kafaɗa, ki sake sakawa. Sau da yawa za ki ga tattarewar da ke ƙasa ta tafi da kanta.

Ɗinkin kafaɗa ya kamata ya hau tsakiyarta, ya ƙare daidai kan ƙashin da hannu ke motsawa daga gare shi. Mai zubabbiyar kafaɗa za ta ga yadi ya saki a karkace wajen hammata. Maganinsa a ƙara cin ɗinkin kafaɗa ta wajen hannu, a sauke ramin hannu gwargwadon abin da aka ci. Mai miƙaƙƙiyar kafaɗa kuwa rigar kan ɗaga mata ta wajen wuya. Ita sakin ɗinkin take bukata ta wajen hannu, a ɗaga ramin. Wuyan da ke buɗewa idan an sunkuya, ko dai an yanka shi da faɗi saboda an bi awon ƙirji, ko kuma ya miƙe a hannu, domin lanƙwasar wuya tana ratsa yadi a karkace, inda ya fi saurin miƙewa. Rigakafinsa layin ɗinki ɗaya kewaye da wuyan da zarar an yanka, kafin a fara ɗaga shi ana juyawa.

Ƙirji shi ne inda ƙa'idar raba huɗu ta fi cutar mata. Idan mai cikar ƙirji ta raba awonta huɗu, ta ba baya abin da ta ba gaba, sai bayan ya yi burum-burum, kafaɗa ta zubo, wuya ya buɗe, gaban kuma ya ci gaba da ɗamewa yana ɗagewa. Abin da ya dace shi ne a yanka kafaɗa da wuya da baya bisa awon saman ƙirji, sannan a ƙara wa gaba kaɗai faɗi da tsawo, a tattara ƙarin a cikin dat, wato ɗan tsukin nan mai tsini da ake ɗinkewa. Dat ɗin ya nufi tsinin ƙirji, amma ya tsaya kamar inci 1 kafin ya kai. Ga mai cika sosai, ya fi haka nisa. Ramin hannu kuma yana da wani sirri da ke ruɗa masu koyo. Idan hannu ya ƙi ɗaguwa, sai su zurfafa ramin, alhali zurfin ne ke sa duk rigar ta bi hannu sama. Ramin da ya hau kusa da hammata, ba tare da ya cije ba, shi ne ke barin hannu ya sake. Idan an riga an zurfafa, ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin hammata yakan ceci rigar.

A ƙasa kuma, siket ɗin da bayansa ke ɗagewa, mazaunai ne suka ɗauke masa tsawo. Daga ƙugu ake gyara shi, a ƙara wa tsakiyar baya tsawo, a zurfafa dat ɗin baya. Wando kuwa duk rigimarsa a hantsa take. Ki zauna a kan benci, a auna ta gefe daga ƙugu zuwa kan katakon, ki ƙara kamar rabin inci zuwa inci 1. Zurfin hantsa ke nan. Idan bayan wando yana sauka duk lokacin da aka zauna, tsawon hantsar baya ne ya gaza. Kalmasa ita ce ƙarshe, a shata ta ana awo daga ƙasa zuwa sama, kina sanye da takalmin da za ki sa.

Akwai kuma abin da gaggawa ke sa a tsallake, wato guga. Miyar da aka sauke ba a bar ta ta turara ba, kowane abu a ware ake jin sa. Duk layin da kika ɗinka, ki kai shi ga dutsen guga kafin wani layin ya ratsa shi. Ki buɗe rarar ki danne. Dat na tsaye ya kwanta yana fuskantar tsakiya, na ƙirji ya fuskanci ƙasa. Inda ɗinki ya lanƙwasa, irin wuya, ki ɗan tsattsaga rarar ba tare da kin taɓa zaren ba, don ta kwanta. Ki duba allura ma: lamba 14 ta dace da atamfa, 11 da yadi mara nauyi, 16 da mai kauri. Dakusasshiyar allura da zaren da aka ɗame suna tattare ɗinki, mai koyo ta ɗauka yankanta ne ya ɓaci.

A nan zan tsaya a kan abin da ya fi damuna. Sau da yawa idan riga ta ƙi zama, jiki ake zargi. "Ai ni tumbi gare ni." "Ni kafaɗata ce ba ta da kyau." "Sai na rame zan ɗinka wannan atamfar." Amma wace uwargida ce ke ɗora wa bakin mutanen gidanta laifi? Idan Baba yana fama da hawan jini, rage masa gishiri ake yi. Idan yara ba sa jure yaji, ɗebar musu ake yi kafin a zuba attaruhu. Fifikon girkin gida a kan na sayarwa ke nan: an san wanda ake dafa wa. Ɗinkin gida ma haka. Kayan kanti an ɗinka su ne domin dubban mutanen da ba a taɓa gani ba. Ke kuwa jiki ɗaya ne a gabanki, wanda Allah Ya halitta yadda Ya so, ya ɗauki ciki, ya yi goyo, ya yi aiki. Hidimarsa za ki yi. Idan kuma wata kike ɗinka wa, ki saurare ta idan ta ce miki "nan yana cizo na", ko da idonki bai ga komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To daga ina ƙarfin gwiwa yake fitowa? Ki tuna yadda yarinya ke koyon girki. Tana farawa da tuwon ƙasa a bayan ɗaki, ta koma jajjage da wanke-wanke, a ba ta 'yar tukunya, ta ƙona, ta cika gishiri, uwa ta ce gobe a sake. Ba wanda ke yanke mata hukunci a kan tukunyar farko. Kuma abu ɗaya take ta maimaitawa, miyar kuka yau, miyar kuka jibi, har hannunta ya san awo ba sai da cokali ba. Masu koyon ɗinki kuwa kowace riga sabon salo ce da aka gani a waya, saboda haka kowace riga karon farko ce, darasin jiya ba ya samun wurin zama. Ki zaɓi salo ɗaya mai sauƙi, ki ɗinka, ki sa ki wuni, ki lura da inda ya dame ki, ki gyara, ki sake ɗinka shi a wani yadin. Da kin maimaita, kin mallaki yankan da ya san jikinki. Ki kwafe shi a takarda mai kauri, ko ta buhun siminti da aka kakkaɓe, ki rubuta kwanan wata da duk gyaran da kika yi. Daga wannan uwar takarda za ki riƙa fitar da wuya iri-iri da hannu iri-iri, hankalinki kwance.

Idan kina da rigar da wani tela ya ɗinka miki ta zauna ɗas, ki juya ta, ki auna faɗin kafaɗarta, zurfin raminta, tsawon dat ɗinta, ki kwatanta da awon jikinki. Bambancin shi ne yalwar da jikinki ke so. Kada ki fara gwada sabon yanka a kan leshin lefe, kada kuma ki fara shi daren Sallah. Ba a fafe gora ranar tafiya. Farke ɗinki ba abin kunya ba ne. Ki leƙa shagon telan da ake yabo, za ki tarar da reza a kusa da kekensa. Abin da ya raba shi da mai koyo shi ne idan ya ga riga ta tattare, ya san dalili, ya san magani, don haka gabansa ba ya faɗuwa. Ƙarfin gwiwar ke nan, kuma da koyo akan iya.

Saura kira ga iyaye mata da masu koyar da ɗinki. Akwai 'yan koyon da ke shafe watanni suna sa maɓalli da guga da zuwa aike, ba a taɓa miƙa musu almakashi ba, don tsoron kada su ɓata yadin mutane. Tsoron yana da hujja, amma akoko da tsofaffin zannuwa sun isa su kawar da shi. A ba su su yanka, su haɗa, su gwada a jikin junansu, a tsaya tare da su gaban rigar a tambaye su: ina wannan layin ya nufa, me za ki fara taɓawa? Yarinyar da aka koya wa haka, ko yayi ya sauya sau goma ba za ta rasa abin yi ba. Ga matar da ke ɗinki a cikin gida don ta rufa wa kanta asiri kuwa, wannan shi ne jarinta na gaske. Duwatsu da aiki a wuya suna jawo mai kawo ɗinki sau ɗaya. Abin da ke dawo da ita, har ta jawo ƙanwarta da maƙwabciyarta, shi ne rigar da ta saka ta yi salla, ta je biki ta dawo, ba inda ya cije ta, ba inda ya ja.